Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Abin da Ke Kawo Wari da Toshewar Bututun Wanke-wanke

An share kicin, an goge tayil, an wanke kwanuka an kife, an zuba turaren wuta a kasko. Amma da turaren ya lafa sai wani ɗoyi ya sake tasowa, wani lokaci tsami-tsami, wani lokaci irin na ruɓaɓɓen ƙwai. A fitar da kwandon shara, a janye firji a duba ko ɓera ne ya mutu a bayansa, a zargi kwatar maƙwabta. Sai an gaji da nema kafin wani ya sunkuya a kan sinki ya gane cewa daga ɗan ramin nan da ruwa ke wucewa abin yake fitowa.

Daga nan abin da yawancin gidaje ke yi ɗaya ne: a aiki yaro shago ya sayo bilic ko soda, a tuttula a ramin, a zuba ido. Kwana biyu warin ya yi sauƙi, sannan ya dawo, wannan karon ma ruwan ya fara tafiya da ƙyar. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Warin magudanar gida yana da tushe, kuma tushen bai cika wuce ɗaya daga cikin uku ba: ko dai wani abu ne ke ruɓewa a cikin bututun, ko ɗan ruwan da ke tare iskar shadda ya ƙafe, ko kuma aikin famfon gidan ne tun farko ba a yi shi daidai ba. Kowanne da maganinsa, kuma wanda bai san wanne ke damunsa ba zai yi ta asarar kuɗi a kan kwalabe.

Daga tsakar gida zuwa cikin bango

A gidan gargajiya wanke-wanke aikin tsakar gida ne. Yarinya za ta tara kwanuka kusa da rariya, ta ɗebi ruwa a baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na ɗauraya, ta dirje gindin tukunya da toka da yashi. Ruwan ya bi rariya ya fita ta ƙasan katanga zuwa kwata ko kwatami. Ƙwayar shinkafar da ta zube kaji su tsince, ƙanzo a shanya ko a ba dabbobi, abin da ya rage tsintsiya ta kwashe, rana ta busar da wurin. Tsarin yana da nasa aibin, domin kwatami wurin hayayyafar sauro ne, shi ya sa tun zamanin En'e duba-gari ke bin gida-gida. Sai dai komai a fili yake. In rariya ta toshe ido na gani, kara ɗaya ya isa a buɗe ta.

Gidajen da ake ginawa yanzu a Kano, Kaduna, Katsina, Maraɗi da Damagaram sun shigar da wannan aiki cikin ɗaki. Ruwan wanke-wanke yana bin bututun roba mai faɗin inci ɗaya da rabi, wato milimita 40. Na besin ɗin wanke hannu ma bai kai haka ba, yawanci milimita 32 ne. An binne shi a bango ko ƙarƙashin tayil, inda babu rana, babu kaza, babu tsintsiya. Gini ya sauya, amma girkinmu da yadda muke wanke tukwane suna nan yadda suke.

Babban mai laifi shi ne maiƙo. Manja yana narkewa ne idan zafi ya kai wajen digiri 35 a ma'aunin Selshiyas, kitsen saniya da na rago kuwa sai zafin ya haura 40. A cikin tukunya ruwa ne, amma da ya gangara bututun da ke cikin bango mai sanyi sai ya fara kama jikinsa. Duk wanda ya ga yadda manja da man shanu ke daskarewa a kwalba lokacin hunturu ya san abin da ke faruwa a inda idonsa ba ya kaiwa. Kowane wanki yana ƙara shafi a kan na jiya, kuma a jikin wannan maiƙo ne sauran tarkace ke maƙalewa: ƙwayar shinkafa, ɓawon albasa, ganyen shayi, 'ya'yan tumatir, zaren soso.

Bayan maiƙo sai sitaci. Ruwan da aka jiƙa tukunyar tuwo, ragowar koko da kunu, gasara, ruwan da aka tace taliya, duk suna kumbura su yi danƙo, su haɗe tarkacen nan wuri guda. Toka da yashin dirje tukunya kuwa nauyi gare su, ruwa ba ya tafiya da su, kwantawa suke yi a duk inda bututu ya lanƙwasa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne sinkin da ya shekara lafiya ya tsaya cik a makon Babbar Sallah, lokacin da ake wanke kayan ciki, ana suya, ana ɗauraye kaskon da kitse ya cika.

Idan maiƙon ya daɗe, yakan haɗu da sinadarin kalsiyam da ke cikin ruwa da siminti, ya rikiɗe ya zama farin dunƙule mai tauri wanda ruwan zafi ba ya iya narkarwa. An ga iyakar wannan a Landan a watan Satumba na 2017, lokacin da ma'aikatan kamfanin ruwa na Thames Water suka gano dunƙulen kitse da tarkace a magudanar ƙarƙashin unguwar Whitechapel, mai tsawon mita 250 da nauyin kusan tan 130. Makonni tara aka yi ana farfasa shi, har aka ajiye gutsurensa a gidan tarihin birnin a 2018 mutane na zuwa kallo. Daga kicin-kicin ɗin gidaje da gidajen abinci kitsen ya taru, cokali bayan cokali.

A banɗaki abin ya ɗan bambanta. Can gashi ne ke kafa tushe, musamman ranar tsifa da wanke kai. Sabulu, man shafawa, man goge baki da lalle su biyo baya su manne a jikinsa. A kan wannan duka ƙwayoyin bakteriya ke shimfiɗa wani baƙin yauƙi mai santsi, suna cin dattin suna fitar da wari. Wannan yauƙi shi ne abincin ƙananan ƙudajen nan masu gashi-gashi da ake gani manne a bangon banɗaki. Ganinsu kaɗai ya isa shaida cewa cikin bututun na bukatar wanki.

Ɗan ruwan da ke gadin gida

Wanda ya buɗe kabad ɗin ƙarƙashin sinki zai ga bututun bai miƙe kai tsaye ba. Ko dai ya lanƙwasa ƙasa ya sake hawa, ko kuma akwai wani ɗan kofi mai murfi a gindinsa. Masu gyaran famfo suna ce masa tirap. Aikinsa shi ne riƙe ɗan ruwa, mai zurfin santimita 5 zuwa 7 ko sama da haka kaɗan, duk lokacin da aka gama amfani da sinki. Ruwan wanki yana ture na ciki ya wuce, na ƙarshe ya zauna a madadinsa. Wannan ɗan ruwa shi ne ƙofar da ke tsakanin kicin da shadda. Iska ba ta iya ratsa shi, kyankyaso da sauro ma yana yi musu shamaki.

Dabarar ta tsufa. Wani maƙerin agogo ɗan Sikotlan mazaunin Landan, Alexander Cumming, shi ya yi rajistar masai na ruwa mai lanƙwasasshen bututu a 1775. Kimanin shekaru 250 ke nan, an sauya ƙarfe da roba, an sauya siffa, amma har yau ba a samo abin da ya fi ɗan ruwan nan sauƙi da inganci ba.

Abin da yake tarewa ba ƙaramin abu ba ne. A cikin shadda da sokawe, inda datti ke ruɓewa babu iska, ana samun iskar haidurojin salfaid, wadda ita ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da amoniya mai hawa kai, da metan wadda ba ta da wari amma tana kama wuta. Da zarar tirap ya bushe, hanya ta buɗe musu zuwa cikin gida.

Hanyoyin bushewarsa sanannu ne. Ta farko ƙafewa ce. Banɗakin ɗakin baƙi da ba a shiga, gidan da aka rufe aka tafi hutu ko aikin hajji, ramin ƙasan banɗakin da ruwa ba ya bi, duk a hankali ruwansu ke tafiya, kuma busasshiyar iskar hunturu da zafin bazara suna gaggauta hakan. Ta biyu tsotsewa ce: idan aka saki ruwa mai yawa a masai ko baho, kuma babu bututun numfashi da zai shigo da iska, ruwan da ke gangarawa yakan ja na cikin tirap ya tafi da shi. Alamar hakan ita ce ƙarar ƙululu da sinki ke yi bayan ruwa ya wuce. Ta uku, gashi ko zaren tsumma da ya rataya a lanƙwasar yakan riƙa jan ruwan yana ɗigar da shi ta ɗaya ɓangaren har ya ƙare. Ta huɗu kuwa ana ganinta a gidajen haya: babu tirap ɗin kwata-kwata. An sa farin bututun nan mai zobe-zobe kamar maƙogwaron rago, an miƙar da shi daga sinki zuwa ramin bango ba tare da an lanƙwasa shi ba. Ba ya riƙe ruwa, zobbansa kuma suna tara datti.

Duniya ta ga abin da busasshen tirap zai iya jawowa a 2003, lokacin annobar SARS a Hong Kong. A rukunin dogayen benaye na Amoy Gardens mutum fiye da 300 suka kamu, 42 suka rasu. Binciken hukumomin yankin da na Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa wani mai ɗauke da cutar, wanda ke fama da gudawa, ya yi amfani da masai a ɗaya daga cikin benayen. Mazauna wurin sun saba goge ƙasan banɗaki da mofa maimakon kwara ruwa, don haka tirap ɗin ramukan ƙasa ya bushe a gidaje da yawa. Da aka kunna fankar fitar da iska aka rufe ƙofa, sai ta riƙa zuƙo tururin ƙazanta daga babban bututun masai zuwa cikin banɗakunan mutane. Tun daga lokacin hukumomin Hong Kong ke shawartar jama'a su zuba kimanin rabin lita na ruwa a kowane rami sau ɗaya a mako.

A fara gano inda warin yake

Kafin a taɓa komai, hanci da kunne sun isa su rage rabin aikin. Wari mai tsami na ruɓaɓɓen abinci, wanda ke ƙaruwa idan an sunkuya kan ramin, yana nuna datti ne a saman bututu ko cikin tirap. Warin ƙwai ko na masai, musamman wanda ke zuwa yana tafiya da kaɗawar iska, yana nuna iskar shadda ce ta samu ƙofa.

Gwaji mai sauƙi shi ne a toshe ramin da jiƙaƙƙen tsumma, a rufe ƙofa, a bar shi ya kwana. In da safe warin ya ragu, an kama ɓarawo. In yana nan, a duba wasu wurare uku da ake yawan mantawa da su. Akwai ɗan ramin ambaliya da ke saman besin ko gefen sinki, wanda ruwa ba ya wanke shi, baƙin yauƙi ke taruwa a ciki. Akwai inda bututu ya shiga bango ko ƙasa, inda sau da yawa ake cusa ƙaramin bututu cikin babba a bar gefensa a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ta irin wannan giɓi wari da kyankyasai ke fitowa ko da tirap na cike da ruwa. Akwai kuma katakon kabad ɗin kansa, wanda ɗigar ruwa ta jiƙa har ya fara ruɓewa.

Wani lokaci ma ruwan famfon ne ke wari. A tari ruwa a kofi, a fita da shi tsakar gida a sansana. In warin ya biyo kofin, to tanki ko rijiyar burtsatse ko hitar ruwa za a duba. In kuwa duk magudanan gidan ne suka yi nauyi lokaci guda, sinki da baho da masai, to matsalar ta wuce kicin, tana babban bututu ko sokawe.

Aikin hannu

Idan ruwa na tafiya amma a hankali, a fara da mafi sauƙi. A cire matacin ramin a wanke shi da tsohon buroshi. A zuba sabulun ruwa na wanke-wanke kamar cokali biyu, a bi shi da ruwan zafi mai yawa a hankali. A kula, ruwan zafi aka ce, ba tafasasshe ba. Bututun PVC da ake amfani da shi a gidajenmu ba a yi shi don zafin da ya wuce digiri 60 ba, ruwan da ya tafasa kuwa 100 yake. Yawan kwara shi yana sa bututu ya yi laushi ya lotsa, gam ɗin mahaɗa ya saki. A sirka shi da na sanyi tukuna.

In hakan bai yi ba, sai robar tsotso mai ƙota. A bar ruwa a sinkin daidai yadda zai rufe bakin robar, a toshe ramin ambaliya da jiƙaƙƙen tsumma, in sinkin mai ido biyu ne a toshe ɗayan. Rashin yin haka ne ke sa mutane su yi ta dannawa a banza, domin iskar tana zurarewa ta can. A danna a ja da ƙarfi sau da dama. Jan da ake yi ya fi turawar amfani, shi ke girgiza dunƙulen ya sake shi.

Aikin da ya fi kowanne tasiri shi ne buɗe tirap ɗin, kuma ba ya bukatar wani kayan aiki. A kwashe kayan da ke cikin kabad, a ajiye bokiti a ƙasa, a sa safar hannu ko leda. A kama kofin gindin a murɗa shi hagu. Da farko baƙin ruwa ne zai tsiyayo ta gefen zaren, sai warin ya bugo gaba ɗaya. Idan kofin ya fita a juye shi a bokiti: a ƙasa za a ga yashi da toka sun kwanta sun yi laka, a sama farin kitse ya yi ɓawo, a tsakani tsinken ashana, murfin kwalba, ƙashin kifi, wani lokaci har ɗan kunnen da aka daɗe ana cigiya. A leƙa cikin bututun da tocilan. Ramin da ya kamata yatsu biyu su shiga, za a tarar da ƙyar ɗan ƙaramin yatsa zai wuce. A kankare, a wanke da sabulu da ruwan ɗumi a waje, a kula kada a kunna famfon sinkin alhali gindinsa na buɗe. Wajen mayarwa a tabbata zoben robar nan baƙi ya zauna daidai a mazauninsa, a ɗaure da hannu kawai, domin filaya na fasa zaren roba. A saki ruwa, a shafa busasshen tsumma a ga ko akwai ɗiga.

In tirap ya fita fes amma ruwa bai wuce ba, toshewar tana gaba. Nan ake zura wayar yasar bututu mai lanƙwasuwa, ana murzawa ana turawa, ko a buɗe camba, wato ramin duba bututu mai murfi da ke wajen gini, a yaso daga can. A guji zura rodi ko sanda mai tsini, domin huda gwiwar bututu a cikin bango ya fi toshewa tsada.

Soda, bilic da asid

Sodar da ake sayarwa a kasuwa don yin sabulu tana cin maiƙo da gashi, shi ya sa ake rububinta. Amma duk macen da ke sana'ar sabulu ta san abin da ake samu idan soda ta haɗu da mai: sabulu. Idan bututu ya toshe ƙwarai, ruwa ba ya motsi, sodar takan tsaya ta dafa kitsen ya zama dunƙulen sabulu mai tauri, toshewar ta fi ta da. Tana kuma fitar da zafi mai yawa idan ta haɗu da ruwa, tana cin alminiyam, in aka zuba mata ruwan zafi takan yi tsartuwa har fuska. Sannan tana nan kwance a cikin tirap tana jiran hannun da zai buɗe. Duk wanda ya zuba soda ko asid kafin ya kira mai gyara, amana ce a kansa ya faɗa masa tun daga bakin ƙofa.

Haɗarinta mafi muni yana kan yara. Soda da aka jiƙa ba ta da launi, in an ajiye ta a gorar ruwa ko kofi yaro ba zai bambance ba. Likitocin yara a Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma sun daɗe suna karɓar yaran da suka sha ta, ta ƙone musu maƙoshi har ya tsuke, abinci ya daina wucewa. In haka ta faru, kada a sa yaron amai, kada a ɗura masa manja, domin dawowar sodar ƙuna ce ta biyu. A garzaya asibiti da shi tare da abin da ya sha. In ido ko fata ta taɓa, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20 kafin a tafi.

Bilic, irin su Hypo da Jik, yana kashe ƙwayoyin da ke saman yauƙi, shi ya sa wari ke lafawa na ɗan lokaci, amma ba ya narkar da kitse. Babban kuskure shi ne gauraya shi da wani abu don wai ya ƙara ƙarfi. Yawancin ruwan wanke masai, irin su Harpic, asid ne a cikinsu, kuma bilic da asid in sun haɗu iskar kilorin suke fitarwa, wadda ke ƙona ido da huhu, a ƙaramin banɗaki mai rufaffiyar taga tana iya kayar da babba. Haɗa shi da ruwan tsami na binega ko abin da ke da amoniya ma iska mai guba yake fitarwa. Ba sai an haɗa a bokiti ɗaya ba: zuba wannan a rami, a bi shi da wancan, haɗawa ce. Kalanzir da baƙin mai da wasu ke zubawa don kashe wari su kuma ga haɗarin gobara, ga gurɓata ruwan ƙasa.

Akwai kuma haɗin sodar girki (baking soda) da binega da ya cika intanet. Kumfar da yake yi tana burge ido, amma ɗaya kishiyar ɗaya ce, suna kashe ƙarfin juna, abin da ke saura bai fi ruwan gishiri ba. Ba ya cutarwa, yakan ɗan rage wari, sai dai ba ya buɗe bututun da kitse ya kama. Jiƙaƙƙiyar kanwa da aka tace a ruwan ɗumi ma ta fi shi taɓa maiƙo, domin danginsu ɗaya da sodar wanki, amma ita ma ta kiyayewa ce kafin a toshe.

Abin da ke bayan katanga

Wani warin ba laifin uwargida ba ne ko kaɗan, tun ranar gini aka dasa shi. Bututun ruwan datti yana bukatar gangara daidai, kimanin santimita 2 da rabi a kowace mita. In ya kwanta sosai ruwa ya tsaya, datti ya zauna. Kowace gwiwa da aka ƙara wurin maƙalewa ce. Bututun numfashi kuma, wanda ya kamata ya haura saman rufi da raga a bakinsa, a gidaje da yawa an yanke shi daidai tagar kicin, ko tsuntsu ya yi sheƙa a ciki, ko ba a sa shi ba sam. Ragar bakinsa tana da nata aikin, domin sauron da ke hana barci da kuka a kunne a ruwan datti irin na sokawe yake hayayyafa.

In aka ɗebe wasu unguwannin Abuja da ke haɗe da matatar ruwan datti ta Wupa, kusan duk biranenmu kowane gida da nasa ramin, ko kuma a saki ruwan wanka da na wanke-wanke a kwata. A Kano da yawan wannan ruwa yana ƙarewa ne a Jakara. Ke nan maiƙon da ya tsallake bututun gida bai ɓace ba. In sokawe ya shiga, yana toshe ƙofofin ƙasar da ke shanye ruwa, ramin ya riƙa cika da wuri, da damina ta sauka ƙasa ta ƙoshi sai ruwa ya fara dawowa ta ramin banɗaki. In kwata ya shiga, ya haɗu da leda da yashi ya zama rigimar maƙwabta. Masu sayar da abinci da gidajen da ake girki mai yawa suna bukatar ɗan akwatin tare maiƙo a bayan kicin, inda ruwa ke tsayawa ya huce, mai ya taso sama a kwashe, ruwan ya wuce ta ƙasa. Yawan tuttula bilic da soda kuwa yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta a cikin shadda, ta daina aikinta. Ana kuma ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin irin wannan rami da rijiyar sha, abin da ƙananan filayen birni ba su cika bayarwa ba.

Iyakar aikin mai gida ita ce bakin ramin. Iskar haidurojin salfaid ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, a ƙasan rami take taruwa, kuma idan ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya zaci ta tafi alhali lokacin ne ta fi haɗari. Shi ya sa labarin yakan zo iri ɗaya: wani ya shiga shadda ko tsohuwar rijiya ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi ceto shi ma ya faɗi, na uku ya biyo. Yasar sokawe aikin masu motar zuƙa ne, in wani ya faɗa kuma jami'an kashe gobara ake kira.

Rigakafi da rabon nauyi

Abin da ke hana duk wannan bai kai kuɗin kwalbar bilic ɗaya ba. A kankare kwano a kwandon shara kafin a kai shi sinki. A bar mai da kitse su huce, a juye a gwangwani ko tsohuwar gora, a share kasko da takarda kafin wanki. Tukunyar da za a dirje da toka da yashi a fita da ita tsakar gida, ruwan tukunyar tuwo a tace shi. A sa ɗan matacin ƙarfe a bakin rami, na kicin da na banɗaki. Sau ɗaya a mako a bi bututu da ruwan zafi da sabulu, a zagaya duk ramukan da ba a amfani da su a zuba musu ruwa kofi biyu. Mai doguwar tafiya ya ƙara cokalin man girki a kan ruwan, yana rage ƙafewa. Waɗannan kuma sai an koya wa duk mai taɓa sinkin, yara da 'yan aiki, domin hannun da ke wanke-wanke shi ke yanke hukuncin abin da zai shiga.

Sauran nauyin yana kan masu gini da masu ba da haya. Tirap na kirki, zoben roba a inda bututu ya shiga bango, da bututun numfashi da ya haura rufi, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da tayil da fentin da ake ƙawata gida da su. Amma da yake ba a ganinsu, su ake fara tsallakewa, daga baya a yi ta jayayya tsakanin mai gida da ɗan haya kan wanda zai biya kuɗin fasa bango. Mai neman haya yana da damar kauce wa wannan tun ranar duba gida. Ya buɗe kabad ɗin ƙarƙashin sinki ya ga ko bututun na riƙe ruwa, ya cika sinkin ya sake shi ya saurari ƙararsa, ya zagaya baya ya ga inda ruwan ke fita da inda bututun numfashi ya tsaya. In ya ga gyara, ya sa a yi shi kafin ya biya kuɗin shekara, domin bayan an biya magana takan yi wuya.